Ranar da Na Mayar da Kayan Aro

Kun taso kun tarar ana cewa Baba ya faɗi jarrabawar yaƙi da jahilci a zamansa na farko. Kawunku Iro ne ya fi kowa riƙe maganar. Ba a yin taron sallah a watse bai tado ta ba, ku yi dariya, ni ma in taya ku. Ban taɓa musa masa ba. Amma yanzu ido ya fara gajiya, kuma ba na so in tafi in bar muku labari a karkace. Ban faɗi jarrabawar nan ba. Zaman ne ban yi ba, ga kuma dalili.

Sai na fara da mahaifina, don shi ya ɗaura igiyar da ta ja ni a ranar. Dokarsa ɗaya ce a gida: kayan aro ba ya kwana. Ina ɗan shekara goma na ari lauje a hannun wani abokinsa da ya zo cin kasuwa daga Rawayya, wanda yake yanka wa jakinsa ciyawa da shi. Na shagala, mutumin ya tafi. Da la'asar mahaifina ya ga laujen a zaure. Bai dake ni ba, bai ko ɗaga murya ba. Ya ce in wasa shi, in goge, in kama hanya. A ƙasa na kai lauje Rawayya. Tun daga ranar, ko sufanar kwance noti na ara a wurin maƙwabcin rumfa, sai na goge mata baƙin mai na mayar kafin rana ta faɗi. Mutanen Bungudu sun san Dahiru mai gyaran keke da abu biyu: ba ya gaggawa, ba ya riƙe kayan mutane.

Rumfata tana bakin ƙofar wani ƙaramin asibitin haihuwa na Hajiya Asabe, tsohuwar nas da ta ajiye aikin gwamnati ta buɗe nata. Makullan asibitin a hannuna suke, ni ke tada janareta in an ɗauke wuta. A nan ne rashin boko ya fara ci mini tuwo a ƙwarya. Karatun allo na yi shi, amma mata kan fito da katin awo su miƙo mini, su ce, Malam, yaushe aka ce in dawo? Sai in juya kati, in ce rana ta kashe mini ido, su tambayi na gaba. Ranar da wata baiwar Allah daga ruga ta dawo ba a ranarta ba, bayan ta yi tafiyar rabin yini da tsohon ciki, na je na ba da sunana a ajin manya, ina da shekara arba'in da 'yan kai. Shekara biyu na yi ina zama a kan bencin yara, gwiwa tana taɓa haɓa.

A shekarun nan ne, ba a daɗe da ba mu jiha ba, yayarku ta gama koyon kwamfuta a Gusau. Bijimin huɗata na sayar na sa ta. Iro ya ce na sayar da mai noma na sayi talabijin da ba ta nuna kowa. Ku da kuka zo daga baya ba ku san yadda muke da ita ba. 'Yar fari ce, kuma mu a gidanmu ba a kiran sunan ɗan fari, ba a zama hira da shi, ba a nuna ana sonsa a gaban mutane. Ni na raɗa mata suna a kunne, daga nan bakina bai ƙara faɗinsa ba. In ina nemanta sai in ce wa innarku, Kulu, ina yarinyar nan? In muna ɗaki ɗaya, ita ta yi magana da bango, ni in amsa wa ƙofa. Haka muka tarar, kuma ba ƙiyayya ba ce.

Hajiya Asabe ta karɓo kwamfuta a hannun wani ɗan kasuwa a kan gwaji. Yayarku kuwa ta shafe watanni tana rubuta abin da yanzu kuke kira manhaja, mu a lokacin furogiram muke cewa. Aikinsa riƙe sunayen masu awo da jarirai, da ranar da kowa za ta dawo. In ya yi, Hajiya za ta riƙe kwamfuta ta ɗauke ta aiki. In bai yi ba, mai kaya ya ɗauki kayansa ranar Juma'a. A makonnin da take shiri, takan bar na'urar a kunne a shafin rubutu, ta ce wa bango za ta je shan iska. Ni kuma in shiga in zauna ina neman haruffa da yatsa ɗaya. A haka na iya riƙe abin nan da take kira ɓera, na ga yadda ake jan abu daga nan a kai can, da yadda ake jefa wanda ba a so a kwandon shara a zubar. Mai aikin hannu kallo ɗaya ya ishe shi. Abin da ban sani ba, kallo ɗaya yakan ishi mutum ya yi ɓarna ma.

Ranar Litinin ta zuba aikinta a kwamfutar, ta danna. Maimakon ya buɗe, sai wani ɗan akwati ya fito a gilashi da jan tambari, da ƙara kamar an ƙwanƙwasa kwano. Ina bakin taga ina yi kamar ina duba wayar janareta. Ta kashe ta kunna, ta sake zubawa, akwatin nan bai fasa fitowa ba. Sai ta daina dannawa, ta karanta shi a hankali, ta kwafe wani suna a takarda.

“Mi ya ce?” in ji Hajiya.

“Ya ce akwai fayil ɗin da bai gani ba. Aikina lafiya lau yake, Hajiya. Yaren da na rubuta shi da shi yana da abin da ke tada shi, shi kuma ba ya tashi sai ya tarar da wanga fayil, laburare ake ce mishi. Kamar Baba ne ya zo rumfa da safe ya tarar ba akwatin kayan aiki. A makaranta kowace kwamfuta tana da shi, shi ya sa ban taɓa lura ba. Wagga ba a sa mata ba.”

“To, ɗiyata, ni dai Alhamis da safe nake son gani da idona. In ba haka ba in koma wa katina, su ba su taɓa ce mini akwai abin da ba su gani ba.”

Da yamma na tarar da takardar nan a cikin hulata, inda na ajiye ta zan yi alwala. Innarku ta ce wai a makarantar Gusau ake samun fayil ɗin, wurin malaminta, Malam Nuhu. Talata da sassafe na shiga mota. Malam Nuhu mutum ne mai fara'a, ya karanta takarda, ya buɗe jakarsa ya ciro wani baƙin faifai mai kusurwa huɗu, bai kai tafin hannu ba.

“Baba, aro ne fa,” ya ce. “Shi kaɗai gare ni. A dawo mini da shi.”

Da ya san wanda yake gaya wa haka, da ya ƙara bayani.

Kafin la'asar faifai yana hannunta. Ta zura shi, ta jawo fayil ɗin daga cikinsa ta ajiye a jaka ɗaya da aikinta, ta danna. Sai ga shafi ya buɗe, shuɗi, da gurabun rubuta suna. Ta ce wa bango alhamdu lillahi, na ce wa ƙofa madalla. Ta zare faifai ta ajiye a kan tebur, inda ta san zan gani.

Faifan ya kwana a aljihuna, kayan aro na farko da ya kwana a wurina tun laujen Rawayya. Laraba da safe yayarku ta zauna a gida tana jera tsofaffin katuna, ni kuma na buɗe asibiti ina juya magana a raina. Da idona na ga ta ciro abu daga cikin faifan ta sa a kwamfuta. Ke nan faifan da ke aljihuna fanko ne. Wa ke mayar da kube ya riƙe wuƙa? Kuma a sana'ata, in ka ɗaure noti, sufana ta gama aikinta, sai ta koma gidan mai ita. Furogiram ya riga ya tashi, na gani. Da na tambaye ta, da magana ta ƙare a nan. Amma ta yaya zan tsaya gaban 'yar fari in ce, koya mini? Na tada janareta, na kunna na'ura, na zura faifai. Na gane fayil ɗin don na haddace kamannin sunansa a mota. Na ja shi na mayar. Wani rubutun Turanci ya fito, na danna inda na saba ganin tana dannawa. Da na duba jakar, sai na ga abin yana nan bai tafi ba. Na ce, to, saura ne ya maƙale, kuma saura ma ba namu ba ne. Na jefa shi a kwandon shara, na zubar, na kashe komai na lulluɓe da zanensa. Na kai wa Malam Nuhu faifansa a nannaɗe cikin tsumma mai tsabta, na dawo raina wasai.

Alhamis ita ce ranar gwajinta, ita ce kuma ranar jarrabawarmu, ƙarfe biyu bayan azahar. Innarku ta fere mini fensir biyu da reza ta sa a aljihun rigar sallata. Ƙarfe takwas Hajiya ta ja kujera ta zauna, ta gyara tabarau. Yayarku ta yi bismilla ta danna. Ƙarar kwanon nan ta tashi. Har yau in cokali ya faɗa a kan kwanon sha sai gabana ya faɗi.

Ba ta ruɗe nan take ba. Ta karanta akwatin, ta ga sunan nan ne dai na ranar Litinin. Ta buɗe jakar, babu. Ta sa na'urar ta bincike kanta kaf, babu. Ta leƙa kwandon shara, wayam. Ta ce ko ƙwayar cuta ce irin ta kwamfuta ta cinye shi, ta duba, ba ta ga alama ba. Ta sunkuyar da kai.

“Laifina ne, Hajiya. Wataƙila ban sa shi daidai ba.”

Ina tsaye a bakin ƙofa. Da na yi shiru, ba mai sani har abada. Amma jin ta ɗauki kayana ta aza a kanta ya fi ƙarfina. Na cire hula, na shiga, ban kalli bango ba, ban kalli ƙofa ba.

“Ba laifinki ba ne. Ni na mayar da shi.”

“Ka mayar da mi, Malam Dahiru?” in ji Hajiya.

“Abin da anka aro. Mai shi ya ce a dawo mishi da shi. Ragowar da ta maƙale kuma na zubar.”

Hajiya ta cire tabarau ta dube ni. Sannan ta tafa hannu.

“Ikon Allah! Wasu ɓarayi ke shiga musu, mu riƙon amana ya shigo mana da rana tsaka. To, ai sai ka koma ka sake arowa. Na ba ku zuwa magariba, don gobe da safe mai kaya zai zo.”

Na juya zan fita, sai na ji muryar yayarku a bayana, ƙasa-ƙasa. Ba da bango take ba.

“Baba, yau fa jarrabawarka.”

“Sai ƙarfe biyu,” na ce. “Gusau nan da nan ce.”

Gusau kam nan da nan ce, amma Malam Nuhu ba ya nan. Ƙanwarsa ta haihu a Tsafe, ya tafi suna tun asuba, da jakarsa. Wani malami da ya bari a wurin ya ce kada in damu, sun sabunta kwamfutocinsu a makon nan, zai ciro mini irinsa. Ya nuna mini a gilashi. Na ciro takardar yayarku na kara, ina bi da yatsa harafi bayan harafi, yadda aka koya mana a aji. Duk sun yi daidai sai kusa da ƙarshe. Nata huɗu ne, nasa biyar.

“Malam, wanga ba shi ba ne.”

“Ai duk ɗaya ne, Baba. Wannan ma ya fi sabunta.”

“A wurinmu sufana mai lamba sha uku ba ta kama noti mai sha biyu, ko yau ta fito daga kanti.”

Ya sake dubawa, ya sosa ƙeya, ya ce gaskiyata, aikin da aka rubuta da tsohon ba zai nemi sabon ba. Tsohon kuwa yanzu sai a faifan Malam Nuhu.

Na isa tasha rana ta kusa tsakiya. Ga motar Bungudu saura mutum biyu, ga ta Tsafe ɗan kamasho yana ta kira. In na shiga ta farko, zan yi azahar a gida in zauna jarrabawa da fensirina biyu. In na shiga ta biyu, ko tsuntsu ne ni ba zan dawo kafin a tashi ba, kuma sai wata shekara. Ba zan ɓoye muku ba, na tsaya. Na tuna shekara biyu a kan bencin yara. Na tuna na riga na sayi firam ɗin da zan sa takardar shaida, yana ƙarƙashin gadon innarku. Na tuna bakin Iro. Sannan na tuna wancan kai da aka sunkuyar ana cewa laifina ne. Na shiga motar Tsafe, kusa da wani Bafulatani da ya riƙe ƙwaryar man shanu a cinya har muka isa.

Gidan suna ba ya ɓata. Ɗan kabu-kabu ya sauke ni a ƙofar, aka kira mini Malam Nuhu daga cikin zaure. Da na gaya masa abin da na yi, ya yi dariya har ya dafa bango. Da ya ga fensir a aljihuna ya tambaya, na faɗa masa jarrabawar da na baro, sai dariyar ta tsaya. Ya shiga ya fito da faifai da ƙunshin naman suna.

“Ni na yi kuskure, Baba. Faifan nake nufi, ba abin da ke ciki ba.”

“To, in an riƙe na ciki, kai mi ya rage maka?”

“Ɗalibata za ta yi maka bayani. Ta fi ni iya koyarwa. Yi sauri kada mota ta cika.”

Rana ta yi ja muka shigo Bungudu. Motar ta bi ta gaban firamaren da muke karatu, na ga an rufe ajin, ba kowa sai awaki. Na kawar da kai. A asibiti na tarar da yayarku inda na bar ta, abincin da innarku ta aiko yana rufe ba a taɓa ba. Na ajiye faifai a kan tebur zan koma wurin taga. Sai ta miƙe, ta juya kujerar ta fuskance ni.

“Baba, zauna. Kai za ka sa shi.”

Na zauna. Ta durƙusa a gefe, kamar mai gaisuwa.

“Baba, in ashana ta ƙare, Inna ta je maƙwabta gidan su Ladi ta ɗebo wuta, in ta gama tuwo mayar musu take yi?”

“A'a.”

“Tasu ta ragu?”

“Ba ta ragu ba.”

“To, wanga abu wuta ne, ba lauje ba ne. Kaskon da anka ɗebo a ciki shi ake mayarwa. Kuma ba a kashe ta don tukunya ta tafasa sau ɗaya. Kullum aikin zai tashi sai ya neme shi.”

Ashe ta san labarin laujen. Ban san wa ya ba ta ba, ban kuma san tun yaushe take sauraron abin da nake faɗa wa wasu ba. Na kama ɓera, na jawo fayil ɗin daga faifai na ajiye a jakarta. Ta ce in duba faifan. Yana nan. Ta ce in duba jakar. Yana nan. Na daɗe ina kallon abu ɗaya a wuri biyu, ba wanda aka zalunta. Aka kira Hajiya, na danna, shafin shuɗin nan ya buɗe ba ƙarar kwano.

“To, a gwada mu gani,” in ji Hajiya. “Malam Dahiru, tun da ka ƙi zuwa taka jarrabawar, ga tawa. Rubuta mana suna a katin farko. Kowane ne.”

Sunaye sun cika duniya. Da na rubuta Kulu, ko Asabe, ko nawa. Amma yatsana ya riga ni yanke shawara. Na nemo harafin farko, na nemo na biyu, ina yi a hankali don kada in yi kure. Haruffa bakwai ne. Da na gama na janye hannu.

Hajiya ta matso da tabarau ta karanta, ta dube ni, ta dubi yayarku. Ita da ba ta rasa magana, ranar sai cewa ta yi bari ta je ta duba mai naƙuda, alhali ba kowa a ɗakin haihuwa. Yayarku ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna motsi. Ni kuma na ce wa ƙofa bari in je in duba man janareta.

Ta samu aikin. Juma'a da safe na mayar da faifai, a goge, cikin tsummansa. Takardar shaida kuma sai da shekara ta zagayo na karɓa, ita ce a firam ɗin da ke zaure. Na bar Iro da labarinsa, don na gaskiyar ya fi ƙarfin bakina a gaban mutane. Shekarun da ta yi a asibitin, duk sanda aka zo share tsofaffin sunaye, an ce takan ce a bar kati na ɗaya, ba na mai awo ba ne.

Har yau bakina bai iya faɗinsa ba, kun sani, kuna ji ina cewa yayarku. Amma hannu ya iya, kuma an ce wuta ba ta raguwa don an ɗiba. Ga shi na sake rubutawa: Balkisu.